Masu Kunnen Kyanwa Ke Ciyar da Ni

Osaka, Janairu 2001

Baba Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da Inna da ɗalibai a Buji.

Lafiyata ƙalau a nan ƙasar waje, sai dai tallafin karatu ya tsaya tun kaka. Kada Inna ta ji. Allah ya haɗa ni da masu buga littattafan yara, ina zana musu mutane masu kunnen kyanwa da wutsiya. Da wannan nake cin abinci.

Na san za a yi magana a gida kan zanen mutane, yanzu da shari'ar Musulunci ta zo. Amma ranar da kuka same ni ina zane a bayan allo, ba ku doke ni ba, takarda kuka sayo mini daga Dutse. Allah ya saka da alheri. In kun ce in bari, zan bari.

Ɗanku,
Ikrima