Ƙanƙara da Cikar Gulbi

Argungu

Zuwa ga ƙanena Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya karatu, yaya kuma dusar ƙanƙarar da ka ce ta toshe muku ƙofa?

Mu ma mun ɗanɗana. Makon jiya aka yi ruwa da ƙanƙara, sanyi ya biyo baya, har Inna ta sa aka hura mata wuta a ɗaki, cikin damina! Ka san sandar da na kafa bakin gulbi ina duba ruwa kullum safe. Ranar na tarar ruwa ya haye zanen da bai taɓa kaiwa ba, ga hadari ya sake haɗowa. Na gaya wa Kawu Bello. Ya yi dariya ya ce, "Kai da sandarka!" Amma ya tashi, muka kora shanunsa daga fadama zuwa tudu. Washegari gulbi ya shafe wurin. Shinkafarmu ta tafi, amma ko maraƙi bai salwanta ba. Alhamdulillahi.

Inna tana gaishe ku, haka Yaya Hauwa ta Badariya. Ku sa mu a addu'a, don har yau ruwan bai fara janyewa ba.

Yayanka,
Garba