Gangaren da Na Yi wa Surukina

Inna Nagode, don Allah ki cece ni, aurena na shirin wargajewa saboda buhu biyu na siminti!

Aski nake yi a Talata Mafara. Taiba nake nema, an sa rana bayan girbin shinkafar Bakolori. Mahaifinta, Baba Maiwada, da keken guragu yake yawo, shagona kuwa matakala huɗu gare shi, ga kwalbati a gaba. Kullum a bakin titi nake yi masa aski, 'yan kabu-kabu na watsa mana ƙura. Na ce bari in burge shi. Ban gaya wa kowa ba, na sa magini ya zuba gangare, na ce ya goge shi sumul kamar tangaran. Har na gwada da baro, ya sauka lafiya lau.

Ranar kasuwa Baba ya zo. Mu uku muka turo shi sama, muna nishi. Da aka gama aski ya ce zai sauka da kansa. Inna, wallahi ban taɓa ganin tsoho da gudu haka ba! Ya tsallake titi, ya faɗa cikin tulin albasar wani ɗan kasuwa, Ɗantala, hula a gabas, takalmi a yamma. Bai ji ciwo ba, amma har yau bai amsa gaisuwata ba, Taiba kuma ta daina ɗaukar wayata. Awaki ma in sun hau sai su dawo da baya. Ni da na yi don alheri, ina laifina?

Mai Aski Cikin Ruɗani

Ɗana, na yi dariya har da hawaye, ka yafe mini. Niyyarka mai kyau ce, mutane da yawa ko tunanin hakan ba sa yi. Amma ka tambayi magini, ka tambayi baro, ka manta da mai keken. Shekara nawa yana tuƙa shi? Ya fi ku sanin gangaren da hannu zai iya.

Ka ɗauki kawunka ku je ban haƙuri. Ka roƙi Baba ya tsaya a kan aikin da kansa: a tsawaita gangaren ya kwanta sosai, a yi masa kaushi, a sa ƙarfen riƙewa. In an gama, ka ari kekensa, ka hau ka sauka kai kaɗai a gabansa. In ka faɗa albasa, to kun yi kunnen doki.

Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar ɗaurin aure, Baba ya sauko a hankali da hularsa a ka.