Na Ce Hanyarsa Ta Tsufa, Ga Shi Yanzu Shi Ke Duba Bincikena

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle, kuma duk wanda na kai wa kukana sai ya ƙara rikita ni. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, sashen kimiyyar sinadarai, amma yadda abubuwa ke tafiya, 'yan ajinmu za su kammala su bar ni ina gadin kwalaben ruwa.

Bari in faro miki daga tushe. Ajinmu cike yake maƙil, wanda ya makara ta taga yake ɗaukar darasi. In kina baya ba ki ganin allo, ba ki jin malami, sai ƙarar fanka da hirar samari. Tun ina aji biyu na gaji da wannan wahala, na koma wa kwasa-kwasan nan na intanet da manyan jami'o'i ke sakawa kyauta, dubban mutane suna bi lokaci guda. Anti, a nan idona ya buɗe. In ban gane ba sai in tsayar da malami, in mayar da shi baya, ya maimaita har in ƙoshi, ba tsaki ba harara. A gefe kuma akwai dandalin tattaunawa inda kowa ke rubuta tambayarsa. Wata rana na hango kuskure a lissafin malamin wani kwas na gwajin ruwa, na rubuta a dandalin. Bawan Allahn nan, da furfurarsa da komai, ya amsa, ya yi mini godiya a gaban kowa, aka gyara bidiyon. Ranar ko abinci na kasa ci don murna. Daga nan 'yan ajinmu suka fara tururuwa ɗakinmu in yi musu bayani, har suka laƙaba mini Farfesa. Ba zan ɓoye miki ba, sunan yana yi mini daɗi.

To, a sashenmu akwai wani dattijon malami da muke kira Baba Ɗigo-ɗigo, saboda ba ya buɗe baki bai ce a bi komai ɗigo-ɗigo ba. Zangon da ya wuce yana koya mana yadda ake auna ma'adinan da ke cikin ruwa: a cika wani dogon bututun gilashi da sinadari, a riƙa ɗiga shi a ruwan, ana kaɗawa, har launi ya canza. Ya kwashe lokaci yana zana bututun a allo. Ni kuwa na riga na ga yadda ake yi a kwas ɗina, na'ura ce kawai ke karanta maka sakamako kafin ka kifta ido. Sai na ɗaga hannu. Wallahi cikin ladabi na yi magana, na ce wannan hanyar ta tsufa, duniya ta wuce nan, na ɗaga wayata in nuna masa bidiyon. A raina godiya nake jira, irin wadda na saba. Sai wani shaƙiyyi daga baya ya kira sunan nan nawa na Farfesa da ƙarfi, aji ya fashe da dariya.  Baba ya ajiye alli a kan tebur, ya kakkaɓe hannunsa, ya fita.

Da aka zo raba mu ga malaman da za su duba binciken kammala karatu, duk malaman sashen nan aka rasa wanda za a ba ni sai shi. Bincikena a kan ruwan rijiyoyin unguwannin bayan makaranta ne, kuma ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje sai da izinin malamin da ke duba ka. Anti, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. In na gaishe shi ya amsa da kyau, ya tambayi mutanen gida, amma da na nemi izinin sai ya ce in dawo mako mai zuwa. Shi kuwa ruwan gwaji ba ya jira, in ya daɗe a kwalba sakamakonsa ya tashi aiki. Sai in zubar, in wanke kwalabe, in sake bin gidajen mutane ina sallama ina roƙon a bar ni in ja guga. Wata mata har ta tambaye ni ko sayar da ruwan nata nake yi. Yanzu haka kwalaben suna cikin bokiti a ƙarƙashin gadona, abokiyar ɗakina tana ta mita wai na mayar mana da ɗaki shagon mai ruwa.

Wani takaicin kuma, na leƙa ɗakin gwaje-gwajen ta taga, babu na'urar nan ko mai kama da ita, sai bututan gilashi a jere kamar na zamanin kakanni. Wace irin makaranta ce wannan, fisabilillahi?

Abokiyar ɗakina ta ce in je in durƙusa in yi ta kuka har ya haƙura. Yayana ya ce in kai ƙara wurin shugaban sashe a canza mini malami. Umma kuwa ta gama shaida wa dangi bana nake gamawa, na kasa gaya mata komai. Abin da ke ci mini rai shi ne, ban yi ƙarya ba. Laifi ne don na nemi ilimi da kaina alhali wasu suna barci? Don me zan ba da haƙuri a kan gaskiya? Lokacin miƙa bincike yana ta matsowa, ni ko gwaji ɗaya ban yi ba. Ki gaya mini abin yi.

Taki,
Mai Kwalabe

AMSA

Wa alaikis salam 'yata Mai Kwalabe. Neman ilimin da kika yi da kanki abin yabo ne, kada wannan rikici ya sa ki daina. Shi ma malaminki bai kyauta ba. Babba ba ya rama wa ɗalibi da shekarar karatunsa, in yana da magana ya kira ki ya faɗa.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Malamin intanet da ya gode miki, shi kaɗai ya karanta gyaranki a ofishinsa, ya duba a natse, ya shirya amsarsa, sannan ya rubuto. Baban naku a tsaye yake gaban aji, da alli a hannu, yara suna masa dariya. Kin saba da malamin da kike tsayarwa ki mayar baya yadda kika ga dama, har kin manta na aji mutum ne mai jin kunya. Ke ba ki yi dariyar ba, amma ke kika buɗe mata ƙofa. A kan wannan za ki ba da haƙuri, ba wanda ya ce ki janye ilimin da kika sani.

Sannan akwai abin da kika rubuta da hannunki ba ki tsaya kin duba ba. Kin ce babu na'urar a ɗakin gwaje-gwajenku. To da me za ki auna ruwan rijiyoyin naki? Ko gobe aka canza miki malami, aka danƙa miki mukulli, bututun nan ne zai tare ki a kan tebur. Kin taɓa riƙe shi? Kin san a wane ɗigo ake ɗauke hannu? Bidiyo zai nuna miki, amma ba zai tsaya a kanki ya ce kin zarce ba. Wataƙila dattijon nan ya fi ki sanin na'urar da kike magana, abin da ke ɗakinsa ne yake koyar da ku.

Saboda haka ki ajiye shawarar kuka, ki ɗan jinkirta ta yayanki, kada allura ta tono garma. Ki same shi a ofis shi kaɗai, wayarki tana cikin jaka. Ki ce masa kin yi kuskure da kika yi maganar a gaban aji, kuma kin yi nadamar dariyar da aka yi. Kada ki ƙara da “amma”. Ki gaya masa halin da ruwanki ke ciki da ranar miƙa aiki. In mako ya zagayo bai buɗe miki ƙofa ba, to ki je wurin shugaban sashe, ki nemi izinin shiga ɗakin gwaje-gwaje kawai, ba tare da kin zayyana laifin kowa ba. Ita ma Umma ki sanar da ita yau, addu'arta ta fi miki wannan ɓoyon.

Ranar da za ki je, ki ɗebo sabon ruwa ki riƙe kwalba ɗaya a hannu. Bayan kin ba da haƙuri, ki ajiye ta a gabansa, ki roƙe shi ya koya miki hanyar nan da kika ce ta tsufa, don da ita za ki fita daga makarantar.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki sa'a, ya sa ki kammala tare da 'yan ajinku.

Antinki