Molon Turkawa a Hannun Baba

Yaya Umaru, gaisuwa da ban girma. Ina lahiya, ina iyali, ina zaman Madina?

Sai haƙuri, Baba ya rasu ran Laraba. Ka san tun shigowar Nasara Sakkwato bai sake taɓa molo ba. Ana saura kwana uku ya cika, maƙwabcinmu ya dawo daga hajji da molon Turkawa, mai fuskar katako maimakon fata. Baba ya shafa shi, ya gyara tsirkiya, ya kaɗa taken kakanmu tsaf. Ya ce, "Ashe muna da dangi can."

Ka gaida iyali, ka yi mishi addu'a. In ka gamu da makaɗin Turkawa, tambaye shi wa ya koya wa kakanninsa. Baba ya rasu yana tambaya.

Ƙanenka, Bello.