Tsuntsun da ke Ƙarƙashin Shuɗin Fenti

Zuwa ga jikata, amaryata mai farar rigar aiki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ni dai sai godiya, in ban da gwiwa. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara mini magana.

Kin zo kin kankari akwatin mahaifina da bakin allura, kin tafi da abin da bai kai ƙwayar gishiri ba, wai na'urarku ta gidan kayan tarihi za ta faɗi gaskiya. Wace gaskiya ta rage? Da idona na ga jan tsuntsun da Baba yake zanawa a murfin, safiyar da na tafi neman aiki. Da na dawo, Baba ya rasu, tsuntsu kuma an shafe shi da shuɗin fenti. Aikin ƙanena ne, shi kaɗai ke taɓa gwangwanayen fentin Baba. Tun daga nan ban taka gidansa ba. Ki sa na'urar ta rubuta haka, in kai masa shaida.

Allah ya yi miki albarka, ko da kin ɓata mini murfi.
Kakanki.

Zuwa ga angona mai rigima,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida gwiwa. Mun yanka ɗan ɓarɓashin nan, mun duba shi a madubin da ke ƙara girman abu. Fenti hawa biyu ne, ja a ƙasa, shuɗi a sama. Duka da ƙaro da alli iri ɗaya aka dama su. Babu ƙura ko kaɗan a tsakaninsu, har sun shiga juna. Wato jan bai bushe ba aka bi shi da shuɗi, a ranar nan.

Kaka, kai ka sha ba ni labari cewa ƙanenka ne ya ɗauki kayanka ya raka ka ranar da ka tafi, ya kwana biyu a wurinka kafin ya koma. To wa ya rage a gida da buroshi?

Jiya na je gaishe shi. Ya ce da ya koma, babanku ya gaya masa tsuntsun ya fito kamar kaza mai mura, shi ya sa ya rufe abinsa. Ya yi ta dariya, sannan ya tambayi gwiwarka.

Ka huta lafiya.
Amaryarka.

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa. Ina so a matsar da akwatin Baba kusa da taga, tela kuwa ba shi da ƙarfi. Ka zo da safe. Ba na son dogon surutu.

Kuma ba kaza ba ce. Ni na gan shi, kai ba ka gan shi ba.

Na sa an gyara kujerar da kake zama a kai a da.
Yayanka.