Yatsu Huɗu a Gefen Hoto

Zuwa ga Baba Mai Hoto,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya iyali? Ba ka san ni ba, amma ka taɓa sa ni a shafin farko na jaridarku. Ni ce yarinyar da ke kuka riƙe da takalmi ɗaya ranar gobarar layin kafintoci, shekara talatin da ɗaya ke nan. Yanzu ni nas ce, da 'ya'ya biyu. Tsohon direban jaridar, wanda na yi jinyarsa, shi ya ba ni adireshinka.

A gefen dama na hoton akwai yatsu huɗu a kafaɗata, ɗaya guntu. Na mahaifina ne, zarto ya ci shi. Gidanmu yana bayan shagonsa, duk hotunanmu sun tafi a wutar, shi kuma ya rasu bayan shekara biyu. Fuskarsa ta ɓace mini. In na tambayi mahaifiyata sai ta ce, "Dogo ne mai taurin kai kamar ke." Wannan ai ba fuska ba ce, Baba.

Idan sauran hoton yana nan, ina roƙon ka da shi. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka, mai takalmi ɗaya.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Jiki sai godiya, gwiwa ce kawai ta riga ni yin ritaya. Na tuna ki sarai. Takalmin na hagu ne.

A zamaninmu kwali biyu muke yankawa, kowanne da kusurwa irin ta tebur. Mu ɗora su a kan hoto, mu yi ta matsawa har mu ga inda labari ya tsaya, sannan a yanke. Ranar, edita ya matso da kwalin har ya rufe yatsun nan. Ya ce, "Haka ta fi taɓa zuciya, kamar ba ta da kowa." Na ce tana da kowa, ga hannunsa nan. Muka yi ta ja-in-ja har injin buga jarida ya jira mu minti ashirin. Yaron da aka cire hannun babba daga jikinsa, da almakashi aka mayar da shi maraya, kuma wannan ƙarya ce ko da ba a rubuta kalma ɗaya ba.

Amma fuskar mahaifinki ni na cire ta, ba edita ba. Shi ma kuka yake yi. Da ya ga na sauke kyamara sai ya riƙe mini hannun riga, ya ce, "Mai hoto, ita yarinya ce, kukanta ba abin kunya ba ne. Ni kada ka sa ni. Gobe zan fita neman aiki, kuma ba mai ba kafinta mai kuka rufin ɗakinsa." Na yi masa alkawari.

Fim ɗin kyamarar, wanda ake wanke hoton daga jikinsa, yana nan cikin gwangwani, lafiya ƙalau. Alkawarin ma haka. Ki yi haƙuri da ni, ki gaida mahaifiyarki.

Mai Hoto.

*

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da sannu da gwiwa. Ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kuma ka rage hawan bene.

Na karanta wa mahaifiyata maganar mahaifina. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Shi ne, wallahi! Shago na ci da wuta yana tsara wa mutane aikinsu." Ta ce a makon gobarar ya samu aikin rufin wata makaranta, da kuɗinsa muka farfaɗo. Ashe fuskar da ka ɓoye ce ta ciyar da mu.

Shekara talatin ina kallon yatsun nan, na ɗauka kuskure ne ya bar su. Ban san mutum ya tsayar da inji saboda su ba. Jiya wani ya zo ɗakin yara a asibitinmu zai ɗauki hoton wani yaro da waya, yana ce wa uwar ta matsa gefe. Na ce, "Malam, ko ka ɗauke su tare, ko ka mayar da wayarka aljihu."

Sai dai ina da ja. Sa shi a jarida ya hana ka, bai hana ka nuna wa 'yarsa ba. Kuma yau ba rufin da zai rasa. Na bar maka hukunci.

'Yarka.

*

'Yata,

Sallama da godiya. Hujjarki ta fi ta edita ƙarfi, kwana uku ina juya ta.

Na koma kan fim ɗin da tabarau. Hoto talatin da shida na ɗauka ranar, wanda aka buga shi ne na ashirin da uku. A na ashirin da shida ya riga ya share fuska, ya durƙusa yana sa miki takalmin. Hannuna ya motsa, hoton bai fita tas ba, kuma ba edita mai son hoton da kuka ya ƙare a cikinsa. Shi ya sa ban taɓa wanke shi ba sai jiya.

Ga su nan duka biyu. Na ashirin da shida a buɗe yake. Na ashirin da uku cikakke ne, amma na manna kwalayen nan daidai inda na tsayar da su a wancan lokaci. Ni ba zan ɗaga su ba. Ke kuwa ba ki yi wa kowa alkawari ba.

Allah ya jiƙansa. Mutum ne.

Mai Hoto.

*

Baba,

Sun iso lafiya. Na ga mahaifina. Ashe kunnuwansa ɗana ya kwaso, ana ta tsokanar yaro a banza.

Na ashirin da shida yana bango. Ɗayan kuwa na sa farce a bakin kwalin, mahaifiyata tana kallo, sai ta ce, "Gobe zai fita neman aiki fa." Na janye hannuna.

Allah ya saka maka da alheri.

'Yar kafinta.