Sun Raɗa wa Faranti Sunan Mijina

Anti, ki taimake ni kafin bakina ya furta abin da ba ya janyuwa. Malamar makaranta ce ni, na yi karatu daidai gwargwado, don haka kada ki lallashe ni kamar mai tsoron allura.

Tarin fuka ne ya kashe mijina bara, irin wanda ba ya jin magani. Ni na yi jinyarsa. Ni na riƙa wanke tsummokaran da yake tofa jini a ciki, ina kallo yana ƙarewa har zobe ya daina zama a yatsansa.

Autarmu ta gama digirin digirgir, tana bincike a ƙarƙashin wani farfesa. Jinin mutum suke ɗiba, su juya ƙwayoyinsa su zama ɗan mitsitsin huhu a faranti, su sa masa cutar, su ga yadda take cinsa. Har alfahari nake yi da ita a cikin ƙawaye.

Kwanan baya ta kai ni in ga wurin. Ta gilashi na leƙa, don ba a shiga sai da takunkumi da safar hannu. Wani abokin aikinta da bai san ni ba ya fito ya ce mata, "Baba ya mutu fa." Har na buɗe baki zan yi masa ta'aziyya, sai ya ƙara da cewa a ɗauko wani daga firiza. Na juya na ga fuskar Auta.

Ashe jinin ubanta ne. Wai shi ya bayar a asibiti, ya kuma hana a gaya min. Duk ɗakin Baba suke ce wa farantin. Su ba Baba abinci, su sa wa Baba cuta, Baba ya mutu, su zubar, su ɗauko wani. Sau ɗaya na ga mutuwarsa ta ishe ni, ita kuwa ta mayar da ita aikin ofis. Yarinyar da ko hawaye ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ba ta ƙare ba, Anti. Wai jinina take so. Ɗaki ɗaya na kwana da shi ban yi ko kaki ba, tana son ta san dalili. Wato a jera mu a faranti, a ga wa zai riga mutuwa. Na ce ko ta sa a zubar da ragowar, ko ta nemi wata uwar. Tun ranar take kira ba na ɗauka.

Daga Matar Baba

Amsar Anti: Yaya, Allah ya jiƙan maigida. Fushinki yana da tushe. An ɓoye miki, kuma kin ji a bakin baƙo a mafi munin yanayi. Kiran farantin da wannan suna ma bai dace ba, kina da haƙƙin ki ce a daina, ko da sai ta kai ki ga farfesan.

Amma abin da ke farantin ba mijinki ba ne. Ba ya numfashi, ba ya jin zafi. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Kuma shi ya bayar yana cikin hankalinsa. In kika sa aka zubar, shawararsa ta ƙarshe kika soke, ba ta Auta ba.

Jininki naki ne. A'a ma amsa ce, kada kowa ya matsa miki. Sai dai ki raba wannan da maganar neman wata uwa, ki janye ta tun ba ta zauna ba.

Ki ɗauki wayarta. Kada ki fara da faɗa, ki tambaye ta wa ya soma kiran farantin Baba. Ina zaton ita ce. Ke kin gama jinya ranar da aka binne shi, ita kuwa kullum da safe tana zuwa ta ba shi abinci, ya sake mutuwa a hannunta. Tana buƙatar uwa.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita tsakaninku.